Yadda ake gyara bangon tsohon gida mai takarda a Ingila a shafa masa fenti

Duk wanda ya kama haya ko ya sayi ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen jan bulon nan da ke jere manne da juna a Manchester, Leeds ko Birmingham, ba zai daɗe ba zai gane cewa bangon ɗakunan ba irin wanda ya saba gani a Kano ko Zariya ba ne. Can gida bulon siminti ne, a yi masa filasta, a bi da sikiridin, mai fenti ya zo ya gama a kwana biyu. A nan kuwa da yawa daga cikin gidajen an gina su ne tun zamanin Sarauniya Biktoriya, tsakanin 1837 da 1901, ko jim kaɗan bayanta. Filastarsu ta farar ƙasa ce da yashi, an cakuɗa da gashin dabba don ta riƙe. Bangon da ke raba ɗaki da ɗaki sau da yawa ba ma bulo ba ne, siraran katakai ne aka jera aka kafa da ƙusa, aka yaɓa filasta a kai. Bayan shekara ɗari da ɗoriya filastar ta tsattsage, an yi mata faci nan da can, wani wurin ta kumbura wani wurin ta loɓa.

Abin da masu gidajen suka saba yi shi ne su liƙa wata farar takarda mai kauri, marar zane, a kan bangon duka, sannan su shafa fenti a kanta. A kanti sunanta lining paper. Aikinta ta rufe ƙananan tsagogi, ta haɗe facin da aka yi, ta ba fenti fuska ɗaya. Idan ka matsa kusa da bango ka ga layi siriri yana saukowa daga sama zuwa ƙasa kowane rabin mita da ɗan kai, ita ce.

Tun kafin a ɗauki burushi gara a faɗi gaskiya: ba za ka miƙe wannan bango ba. Fenti ba ya ɓoye komai, sai ma ya tona. Amma akwai abin da zai sauƙaƙa maka aiki idan ka riƙe shi. Ido ba ya damuwa da tudu da kwarin da suka tafi a hankali, abin da yake kamawa shi ne kaifi: bakin takarda da ya ɗaga, gefen faci, ramin ƙusa, layin da takardu biyu suka hau juna. Duk aikin da ke ƙasa na kashe kaifi ne, ba na daidaita bango ba.

Abin da ake tabbatarwa kafin a kankare ko ɗigo

Idan haya kake yi, nemi izinin mai gida a rubuce, har da launin da za ka shafa. Saƙon imel ya wadatar. Maganar baki ba za ta cece ka ba ranar da ake lissafin kuɗin ajiyarka.

Sai abubuwa biyu masu cutarwa. Na farko asbestos. Sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, don haka duk ginin da aka yi ko aka gyara kafin 2000 yana iya ƙunsarsa. Inda ya fi shafar mai fenti shi ne shafen nan mai gurje-gurje ko zanen da'ira da ake yi a silin da wasu bangaye, wanda ake kira Artex. Har tsakiyar shekarun 1980 ana zuba masa asbestos. Idan ka ci karo da shi a ƙarƙashin takarda, kada ka goga masa samfefa, kada ka kankare shi a bushe. Akwai kamfanonin da ke karɓar ɗan gutsure su gwada. Na biyu dalma. Tsohon fentin mai na kafin shekarun 1960 yakan ƙunshe ta da yawa, kuma sai a 1992 aka hana sayar da shi ga jama'a. Ya fi zama a ƙofofi, firam ɗin taga da katakon gindin bango, a ƙarƙashin sababbin shafe. Ɗan arewa ba ya buƙatar dogon bayani kan gubar dalma bayan abin da ya faru da ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Ƙurarta ce matsalar. Ana sayar da ɗan abin gwaji mai arha. Idan ya nuna akwai, goge katakon da jiƙaƙƙiyar samfefa kawai don sabon fenti ya kama, kuma yara da mai juna biyu su nisanci ɗakin.

Danshi kuma shi ne mai rusa aiki duka. Shafa tafin hannunka a bangon da ke fuskantar waje, a ƙarƙashin taga, da kusurwoyi. Idan ka ji sanyi mai laima, ko ka ga baƙin fumfuna, ko takarda ta yi laushi ta canja launi, tsaya. Bangon waje na waɗannan gidaje bulo ne zalla, ba rata a tsakiya, don haka indararo da ya toshe ko bututun da ke yoyo a waje kai tsaye yake jiƙa ciki. Wani lokacin kuma gumin ɗaki ne kawai: girki, shanya a cikin ɗaki, taga a rufe duk hunturu. Ko wanne ne, a gyara tushen, a bar bango ya bushe, sannan a yi maganar fenti. Shafa fenti a kan danshi asarar kuɗi ce.

Duba bango da tocila

Jira dare, ko ka ja labule. Kashe fitilar ɗaki, ka manna tocila a jikin bango ta yadda haskenta zai bi fuskar bangon a kwance. Kada ka firgita da abin da za ka gani. Bangon da da rana ka ɗauka lafiyarsa lau zai fito da inuwa ko'ina. Riƙe fensir, ka zagaye duk abin da ya yi inuwa mai kaifi. Fensir fa, ba biro ko maka ba, domin tawadarsu tana ratso fentin ruwa komai yawan shafen.

Sannan ka bi bangon da gaɓar yatsa kana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ke manne ƙarar a toshe take. Inda ta rabu da bulo za ka ji ta kamar kana buga ƙwarya a kife. Danna wurin da tafin hannu. Idan ƙara kawai take yi amma ba ta motsi, kuma wurin bai wuce faɗin tafi ɗaya ko biyu ba, bar ta. Idan tana lotsawa, ko kana jin yashi na zuba a bayanta, yi mata babbar alama, wannan sai an fasa an sake. Lura cewa bangon siraran katakai dama can ƙararsa haka take ko'ina, don haka a wurinsa motsi za ka duba, ba ƙara ba.

A ɓare takardar ko a bar ta?

A nan mutane suka fi yin kuskure. Zuciya takan ce a ɓare komai a fara daga tushe. To, a tsohon gida sau da yawa takardar ce ke riƙe da filastar. Ka ja gefe ɗaya, sai ta taho da ɓawon bango, ka wayi gari da bulo tsirara da ƙura har cikin tukunya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

A ganina, idan mafi yawan takardar tana manne daram, kuma matsalar ba ta wuce bakin da ya ɗaga, ƴan kumbure-kumbure da yagewa nan da can ba, a gyara ta a bar ta. Ana ɓarewa ne idan ta saki a wurare da yawa, ko fumfuna ya ci ta, ko an jibga takardu uku huɗu a kan juna har bango ya yi taushi, ko kuma irin mai ɓarɓashin katako ce a ciki wadda ba ka so. Gwaji mai sauƙi: jiƙa soso ka dafa a wuri ɗaya na minti biyu, ka dawo bayan rabin awa. Idan wurin ya kumbura ya ƙi komawa bayan ya bushe, gam ɗin ya mutu, kuma fentin ruwa zai yi mata haka a bango duka.

Idan ɓarewar ta zama dole, ka tsattsaga fuskar takardar sama-sama, ka jiƙa da ruwan ɗumi, ka jira, ka sake jiƙawa, sannan ka bi da faffaɗan abin kankara a kwance. Injin tururi yana da sauri, amma a kan tsohuwar filasta kada ka bar shi wuri ɗaya. Zafin yana ɗaga ta daga bulo. Bayan ka gama, wanke ragowar gam sarai, domin fenti a kan tsohon gam tsattsagewa yake yi. Idan ka shafa jiƙaƙƙen yatsa a bangon ya fito da farin gari mai launi, tsohon fentin alli ne da ake yi da gam. Ba abin da ke manne masa. Sai an wanke shi da ruwan ɗumi har soso ya daina ɗauko launi.

Kuma idan bayan ɓarewa ka ga bangon ya wuce gyaran hannu, kira mai filasta ya bi shi da siririn shafe. Ba a yin wannan shafe a kan takarda. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, tambayi ƙaramar hukuma kafin a fasa tsohuwar filasta.

Kayan aiki

A kantunan kayan gini irin su B&Q, Wickes, Screwfix ko Toolstation duk za ka samu. Reza mai kaifi irin wadda ake karya bakinta, wuƙar shafa faffaɗa da siririya, samfefa mai lamba 120 da 180 da katakon naɗa ta, hodar cike rami, gam na liƙa bakin takarda, ƙaramar rola ta danne baki, abin toshe kusurwa mai fitowa a bututu wanda ake matsawa da bindiga, sabulun wanke bango da suke kira sugar soap, soso, bokiti biyu, burushi mai faɗin inci 2, rola mai inci 9 da sandarta, tsani, da takunkumi mai alamar FFP3. Tsofaffin zannuwan gado sun fi leda a ƙasa, domin leda tana santsi kuma fenti ba ya bushewa a kanta, sai ka taka ka kai falo.

Game da hodar cike rami, ta gari wadda kake kwaɓawa da kanka ta fi wadda aka kwaɓo a roba: ta fi laushin gogewa, ba ta cika shanyewa ba. Toupret da Easi-Fill su ne masu sana'ar suka fi ɗauka, Polyfilla ma tana yi.

Gyaran takarda

Janye kaya zuwa tsakiyar ɗaki ka rufe. Cire ƙusoshi da maratayai. Kashe wuta daga babban akwatin lantarki kafin ka sassauta murfin soket da makunni. Ba sai ka cire su ba, ka dai ɗan janyo su don fenti ya shiga bayansu.

Wanke bangon da sabulun nan, da soso matsattse, ba mai ɗiga ba. Takarda ce, ruwa kaɗan take so. Bi da ruwa mai tsabta, ka bar shi ya kwana. Idan tsohon fentin mai ƙyalli ne, bi shi da samfefa 180 sama-sama har ƙyallin ya mutu, in ba haka ba sabon ba zai kama ba.

Fara da bakin da ya ɗaga. Sa bakin wuƙa ka ɗan ɗaga shi zuwa inda yake manne, ka kakkaɓe ƙura da busasshen gam, ka tura sabon gam da ƙaramin burushi har can ciki. Jira minti biyu ko uku takardar ta sha ta yi laushi, domin wadda aka sha shafa wa fenti takan sandare, in ka danne ta nan take ko ta karye ko ta sake tashi. Sannan ka bi da ƙaramar rola, ka goge gam ɗin da ya fito da jiƙaƙƙen soso. Kada ka bar shi ya bushe a fuska, zai yi sheƙi a ƙarƙashin fenti.

Kumburi ƙarami: tsaga shi da reza sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa, tura gam ta tsagar da siririn burushi ko sirinji, danne daga gefe zuwa tsakiya don iska ta fita. Babba kuwa, wanda ya kai tafin hannu, yanke shi gaba ɗaya. Yanka har inda takardar ke manne sosai, ka cire. Yanzu kana da rami marar zurfi mai kaifin baki, kuma a nan ne ake gane aikin gwani.

Kada ka zuba hodar cike rami kai tsaye a kan yagaggiyar takarda. Ruwan da ke cikinta zai shiga bakin takardar ya kumbura shi, gobe ka tarar da zobe ya fito kewaye da facinka. Fara shafa wa wurin da kewayensa abin da zai rufe shi. Zinsser Gardz an yi shi ne don wannan: ruwa ne tsararo da ke ratsa takarda ya taurara ta. Bayan ya bushe, kwaɓa hoda har ta tsaya a kan wuƙa ba ta zuba. Shafa da faffaɗar wuƙa, ka wuce bakin ramin da kamar yatsu huɗu ta kowane gefe, kana ƙara danna wuƙar yayin da kake nisa daga tsakiya, ta yadda gefen facin zai sirance har ya ɓace. Shafe biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Idan ya bushe, naɗa samfefa a katako ka goga a hankali. Da yatsu kawai za ka haƙa kwari. Rufe ido ka shafa wurin da tafin hannu. Idan hannu bai ji inda faci ya ƙare ba, ido ma ba zai gani ba.

Kula da samfefa a kan takardar kanta. Da ka ci fenti ka taɓa ta, sai ta yi gashi-gashi, kuma gashin nan yana fitowa a fenti. Idan hakan ta faru, shafa Gardz, bari ya bushe, ka bi da lamba 180 sau ɗaya.

Inda takardu biyu suka hau juna suka yi tudu, ɗora ƙarfen awo a tsakiyar tudun, yanka duka biyun da sabon bakin reza, cire siririn da ke sama da wanda ke ƙasa, sa gam ka danne. Za su haɗu baki da baki. Inda kuma suka bar rata, cike ta da hoda, ka share da wuƙa har ya zama ratar kaɗai ta ɗauka.

Ramin ƙusa da na sukuru: idan akwai robar sukuru a ciki, ko ka zare ta ko ka tura ta ciki da guduma, ka danna bakin ramin da gindin wuƙa ya ɗan lotsa, sannan ka cike. Tsagar da ta ratso takarda daga filasta, buɗe ta da reza ta ɗan yi faɗi, busa ƙurar, rufe da Gardz, cike. Idan tsagar ta kai faɗin da tsabar kuɗi za ta shiga, ko tana tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko kana ganin tana ƙaruwa, wannan ba maganar fenti ba ce, a kira masanin gini.

Wurin da ka yi wa babbar alama saboda filasta na motsi, yanke takardar kewaye da shi, fasa abin da ya saki kawai, jiƙa bulon, ka cike a hawa biyu ko uku, kowanne ya kama kafin na gaba. A bangon waje da ke ɗan shan danshi, filastar farar ƙasa ta fi dacewa da faci, domin irin hodar POP tana jan ruwa ta riƙe.

Abin toshe kusurwa na bututu wurinsa daban: kusurwar ɗaki, saman katakon gindin bango, gefen firam ɗin ƙofa, duk inda abu biyu ke haɗuwa suna ɗan motsi. Matsa siriri, share da jiƙaƙƙen yatsa. Kada ka sa shi a tsakiyar bango, ba ya goguwa. Kuma ko da an rubuta a jikinsa cewa awa ɗaya ya isa, bar shi ya kwana, domin fenti marar ƙyalli yana yawan tsattsagewa a kansa idan bai bushe ba.

Tabo

Tabon ruwa mai launin shayi, hayaƙin taba, da kunkunniyar da ke ratso bangon bututun hayaƙi daga zamanin da ake ƙona kwal, duk fentin ruwa ba ya rufe su. Ka shafa sau biyar, sau biyar za su dawo. Ana kashe su da fentin share fage irin Zinsser B-I-N, a kan tabon da ɗan kewayensa. Yana da wari ƙwarai, buɗe taga, kuma ruwa ba ya wanke burushinsa, don haka yi amfani da mai arha.

Za ka ji wasu suna cewa a tsarma farin gam na kafinta, PVA, a shafe bango kafin fenti. Kada ka yi. Yana yin fata a fuskar bango, fenti ya zauna a kanta maimakon ya kama, wata rana ya ɓare kamar leda.

Idan sai an ƙara sabuwar takarda

Idan ka ɓare tsohuwar, ko facin ya yi yawa har bango ya zama dabbare-dabbare, sabuwar takarda ce mafita. Kaurinta da lamba yake tafiya: 800, 1000, 1200, 1400, 1700 da 2000. Ga tsohon bango 1400 ita ce tsaka-tsaki mai kyau. 1700 da 2000 sun fi rufe aibi, amma sun fi taurin kai a kusurwa, kuma bakinsu ya fi fitowa idan hannu bai saba ba. Ko mafi kaurinsu ba ta ɓoye tudu, don haka duk gyaran da ke sama sai an yi shi tukuna.

Shafa wa bangon tsarmammen gam na takarda ka bar shi ya bushe. Wannan yana hana bango shanye gam, yana kuma ba ka damar zame takardar ta zauna daidai. Ja layi miƙaƙƙe da igiya mai nauyi a ƙasa, kada ka amince da kusurwar tsohon gida. Masu sana'a sukan liƙa ta a kwance idan takardar ado za ta hau kai. Ga wanda fenti zai shafa kuma shi kaɗai yake aiki, a tsaye ta fi sauƙi. Idan a kan tsohuwa kake liƙawa, kada bakin sabuwa ya faɗa kan bakin tsohuwa.

Shafa gam har baki, ninke ta gam na fuskantar gam, ka bar ta ta sha gwargwadon mintocin da aka rubuta a jikin naɗin, kuma kowane falle ya sha daidai da ɗan'uwansa. Rashin jiran nan shi ne ke kawo kumburi, domin takardar za ta ci gaba da buɗewa a jikin bango. Haɗa baki da baki, ko ka bar rata siririya kamar kaurin gashi ka cike daga baya, amma kada su hau juna. Akwai kuma irin Wallrock Fibreliner wadda bango ake shafa wa gam, a ɗora ta a bushe. Ta fi tsada, amma ba ta buƙatar jira. Bar ta ta bushe aƙalla awa 24, a ɗaki mai sanyi awa 48, kuma kada ka ƙure hita don ta yi sauri, baki zai buɗe.

Fenti

Sayi fentin ruwa marar ƙyalli, wanda aka rubuta matt a gwangwaninsa. Mun taso muna son bango mai sheƙi saboda yana goguwa, amma mai sheƙi a kan bangon da ba daidai ba yana nuna kowane tudu da rana ta faɗo masa. Idan akwai yara, ko hanyar bene ce, akwai marar ƙyalli mai jure wanki. A bangon waje mai filastar farar ƙasa, wanda yake barin danshi ya fita ya fi, irin fentin yumɓu na Earthborn.

Lissafi: ɗaki mai mita 4 da 3.5, tsayi 2.7, kewayensa mita 15, faɗin bango ya kama murabba'in mita 40 da ɗan kai. Cire ƙofa da taga, saura kamar 36. Shafe biyu 72. Lita ɗaya takan rufe kamar murabba'in mita 12, ke nan lita 6, kuma sabuwar takarda tana sha fiye da haka. Gwangwanin lita 5 ba zai kai ka ba. Idan ka sayi biyu, juye su wuri ɗaya ka motsa, don kada launi ya bambanta a tsakiyar bango.

Share ƙura da injin shara da ɗanyen tsumma. Bi kowane faci da tsarmammen fenti ka bar shi ya bushe, in ba haka ba facin zai shanye fenti ya fito a dushe. Sabuwar takarda a ɗan tsarma shafen farko da kamar kashi ɗaya na ruwa cikin goma. Sabuwar filasta kuma sai ta bushe ta koma ruwan hoda mai haske ko'ina, sannan a tsarma sosai, kamar kashi uku na ruwa da bakwai na fenti. Ɗakin kada ya gaza digiri 10.

Silin ne farko, sai bango, katako a ƙarshe. Yi bango ɗaya ɗaya: zagaye gefuna da burushi, ka bi da rola nan take tun gefen bai bushe ba, in ba haka ba za a ga firam kewaye da bangon. Zaɓi rola mai matsakaicin gashi. Ɗan gurjen da take bari yana taimakawa wajen ɓoye aibi, mai gajeren gashi kuma tana tsallake kwari. Cika ta sosai, kada ka matse ta a bango, ka yi faɗin mita ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ka koma ka shafe shi a hankali ta fuska ɗaya, ka shiga na gaba ta jiƙaƙƙen gefe. Inda silin da bango suka haɗu a karkace, kada ka bi karkatar. Ja layinka miƙe ɗan ƙasa da ita, ido zai ɗauka bangon ne miƙaƙƙe. Tef ɗin rufe gefe kuwa ka yi hattara da shi a kan takarda, yakan taho da fuskarta.

Bayan shafen farko wataƙila ka ga kumburi ya tashi a wurare. Kada ka taɓa. Yawancinsu suna komawa da kansu idan takarda ta bushe. Wanda ya kwana bai koma ba, tsaga shi ka sa gam. Da dare sake ɗauko tocila, domin yanzu da launi ya zama ɗaya za ka ga abin da ya tsere maka. Cike, goge, taɓa da fenti, sannan ka yi shafe na biyu. Gwangwani yakan ce awa 2 zuwa 4 tsakanin shafe. A kan takarda a tsohon gida mai sanyi, kwana ya fi.

Fentin ruwa yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma yana ɗaukar makonni kafin ya taurara, don haka kada a goge shi da ruwa a wannan tsakanin. Fitilar da ke manne a bango tana haska sama ko ƙasa za ta yi maka abin da tocila ta yi kowane dare. Fitilar tsakiyar silin ko ta tebur nesa da bango ta fi rufa asiri. Kabad da gado a bar musu ɗan rata daga bangon waje don iska ta zaga. Ragowar fenti a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta sunan launi da ɗakin, a ajiye inda sanyi ba zai daskarar da shi ba. Wanda ba a so kuma ba a zuba shi a magudana. A duba shafin ƙaramar hukuma a ga wurin zubar da shara da ke karɓar fenti.